Yadda Mai Ido Ya Gyara Fari

Ba kowane kamfani Allah yake yi wa baiwa da mutum irin Mataimakin Manaja ba. Wani kamfanin injina gare shi, wani motoci, wani kuma sai dogon suna a kan allo. Kamfanin wanki da guga da za a yi magana a kansa yana da injinansa da motarsa daidai gwargwado, amma abin da ya fi sauran da shi, ido ne. Idon kuwa a fuskar mutum ɗaya yake, kuma mutumin bai taɓa ɓoye wa kowa wannan ni'ima ba. Shi ya sa ma'aikata suka sa masa suna Mai Ido. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba. Cewa ya yi an daɗe ba a faɗi gaskiya a kamfanin nan ba sai yau.

Mutum ne mai tsafta, mai madaidaicin tumbi, mai tafiya kamar ana ɗaukarsa hoto. In zai duba abu, ba ya dubansa kai tsaye kamar sauran bayin Allah. Sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Hmm." Wannan "hmm" ɗin ta sa an sake wanke labule, ta sa an sake goge riga, ta kuma sa wata mai karɓar kaya kuka a bayan kantar karɓar kaya.

Don a yi masa adalci, ba da wannan daraja aka haife shi ba. Ya yi shekaru yana mataimaki kamar kowane mataimaki: ya sa hannu a takardar mai, ya tsaya bakin ƙofa yana duba agogo in ma'aikata na shigowa, ya ce "to" in mai kamfani ta yi magana. Manajoji sun zo sun wuce ta kansa. Abu ɗaya yake nema a duniya, kuma daga mai gadi har mai shara kowa ya san shi: a cire kalmar "mataimaki" daga gaban muƙaminsa. Ga shi kuwa ana gyaran sabon reshe, kuma ba a faɗi wanda zai riƙe shi ba.

Ilimin ya sauko masa ne a shagon aski, yana jiran layi. Hira ta ƙare, ba abin karantawa, sai ya shiga yawo cikin saitin wayarsa, daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ya faɗa wani lungu da bai taɓa shiga ba. A nan ya tarar da ɗan layi da ɗigo a tsakiyarsa. Ya ja ɗigon hagu, fuskar wayar ta yi sanyi, ta koma shuɗi-shuɗi kamar fitilar asibiti. Ya ja shi dama, ta yi ɗumi, ta koma kamar hasken la'asar. Ya yi ta jan sa dama har ɗigon ya ƙi gaba, ya bar shi a nan. Wanda ke kusa da shi a benci ya leƙa ya ce, "Malam, shayi ne ya zube maka a waya?" Wanda ya gano abu ba ya amsa wa 'yan benci.

Washegari ya tara ma'aikata a ɗakin guga, ya sa aka kashe injina don kada wata kalma ta faɗi ƙasa ba a tsince ta ba.

"Jama'a," in ji shi, "tambaya ɗaya zan yi muku, kuma ba na son amsa. Ku da kuke cin abinci da fararen kaya, wa a cikinku ya taɓa ganin fari? Babu. Abin da kuke gani a wayoyinku ba fari ba ne, son ran masu ƙera waya ne. Sun zuba muku shuɗi a ido, kuna biyansu kuna godiya. Kowane haske yana da ɗuminsa da sanyinsa, kuma akwai wurin da yake daidai. Wurin nan na same shi. Na sha wahala kafin in same shi, amma ba zan yi muku gori ba. Daga yau wayata ce ma'auni. Kowa ya kawo tasa."

Aka yi layi. Ya riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, ya goge babban yatsa da hankici, ya ja ɗigo har ƙarshe, ya miƙa wa mai ita kamar likitan da ya gama yi wa jariri allura. Wani dattijon mai wanki ya miƙo 'yar wayarsa mai madannai, wadda ba ta san wani launi ba sai na kira da amsawa. Mai Ido ya juya ta, ya dube shi da tausayi, ya ce, "Baba, Allah ya kawo maka sauƙi." Akanta, mai riƙe lissafin kuɗin kamfani, ya mayar da tasa yadda take da ya koma gida. Asirinsa ya tonu ranar da ya nuna wa mutane hoton sabuwar motar wansa, Mai Ido ya hango hasken daga nesa. Bai yi masa faɗa ba. Gaisuwa kawai ya daina amsa masa, ya kuma fara ambaton "marasa haɗin kai" a kowane taro yana kallon silin. Akanta ya kawo wayar da kansa aka sake gyara masa.

Waya ɗaya ce ta tsira, ta mai kamfani. Da ya nemi ya taimaka mata, ta ce, "Wayata lafiyarta ƙalau. Kai dai ka kula min da kayan mutane."

Ya kuwa kula. Ya daina sauka ɗakin wanki, don tururi yana dusashe masa tabarau. Ya ce duk farin kayan da aka gama a turo masa hotonsa. Hotuna suka fara zuwa, kuma kowace farar riga in ta iso teburinsa sai ta zama ruwan ƙwai. Ya sa a sake wankewa. Aka sake, aka turo, tana nan ruwan ƙwai. Ya ce hannun masu wankin zamani ya mutu. Sabulu ya yi ta ƙarewa, wuyan rigunan mutane ya fara zarewa. Daga ƙarshe masu wanki suka lura da wani abu. Akwai wata riga mai ruwan sararin sama da mai ita ya manta da ita tun bara. Wani ya ɗauki hotonta bisa kuskure cikin sauran kaya, sai ga saƙo daga sama: "Yawwa. Wannan ita ce fara. Ku yi koyi da wanda ya wanke ta." Daga ranar rigar nan ta kama aiki. Yau a ɗauke ta a rataye, gobe a ninke, jibi daga baya. Mai Ido ya sanar a taro cewa ingancin wanki ya ƙaru tun da ya sa ido, kuma ba wanda ya musa.

A gida ma hasken ya isa. Matarsa ta je duba mahaifiyarta da ta yi ɗan zazzaɓi ta warke, ta turo masa hoton tsohuwar tana zaune tana murmushi. Mai Ido ya ja da baya, ya karkata kai, ya buɗa hoton da yatsu biyu har idon tsohuwar ya cika fuskar waya. Rawaya ne. Ya ce shawara ce, kuma ta yi nisa. Kafin azahar ya kira yayyen matarsa da ƙannenta, na kusa da na nesa, ya ce duk mai son ganawa da Inna ya yi sauri. Gida ya cika. Aka ɗauki tsohuwa tana tirjewa aka kai asibiti, likita ya buɗa idonta ya ce bai ga komai ba sai ɓacin rai. Da yamma matarsa ta kira shi, ya jiyo muryar surukarsa daga gefe.

"Ki gaya wa mijin nan naki, ina zaune ina tsince shinkafata sai ga mutane suna shigowa suna yi min sannu da murya ƙasa-ƙasa. Har da mai tambayar inda na ajiye makullin akwati. In kashe ni yake son yi, ya zo da kansa, ya daina aiko waya."

"Allah ya ƙara lafiya, Inna," in ji Mai Ido cikin ladabi. Da aka kashe ya girgiza kai. Ya ce abin tausayi ne a ce asibiti guda ba wanda ya daidaita musu fitila.

To, yanzu sai maganar reshe.

Mai kamfani dattijuwa ce mai ƙarancin magana. Mijinta ne ya kafa kamfanin. Da ya rasu ƙaninsa ya so ya karɓe, ta ƙi, shi kuma ya fita da rabin masu kawo kaya ya buɗe nasa. Ya fente shagonsa shuɗi daga sama har ƙasa, har motarsa, har rigunan ma'aikatansa. Tun daga lokacin ba a sake ganin shuɗin mayafi a kanta ba. Sabon reshen kuwa da gangan ta kama shi a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofar ƙanin mijin.

Ta kira Mai Ido ofishinta. "Zan je wajen 'yata, ta haihu. Ba zan dawo ba sai ranar buɗewa. Reshen nan na bar shi a hannunka. Ciki da waje fari nake so, fari tas, wanda in mutum ya fito daga shagon wancan ya ɗaga kai, zai san inda ake wanki na gaskiya. In ya yi, kai ne manajan wurin."

"Ranki ya daɗe," in ji shi, hannu a ƙirji, "kin kawo maganar fari gidan da fari yake kwana. Zan riƙa turo miki hotuna mataki-mataki."

"Kar ka turo min komai. Da idona zan zo."

Ya fito daga ofishin yana taka ƙasa a hankali kamar ya tausaya mata. Ranar bai amsa sunan mataimaki ba, ko da aka kira shi da shi a waya.

Aka nemo mai fenti. Mutum ne mai sauƙin kai, wanda ya daɗe da gane cewa bango ba ya gardama, mai bango ne ke yi, don haka duk abin da mai bango ya ce shi ne. Mai Ido ya zaunar da shi, ya karɓi wayarsa tun kafin a gama gaisawa. Wannan karon ba fuskar wayar kaɗai ya gyara ba. Ya buɗe kyamara, ya shiga inda ake gaya mata irin hasken da take ciki, wurin da akwai 'yan hotunan rana da girgije da ƙwan fitila. Ya taɓa rana, bai gamsu ba. Ya taɓa girgije, hoton ya yi ɗumi, ya gyaɗa kai. Ya ga wani ɗigon a ƙasa, shi ma ya ja shi dama har ƙarshe.

"Kyamara ba ta san fari ba sai an koya mata," in ji shi. "Na koya wa taka. Kar ka taɓa, kar ka ba wani ya taɓa. Duk bangon da ka shafa ka turo min."

"Ranka ya daɗe, ba za ka leƙo ba?"

Mai Ido ya yi murmushin da ake yi wa mai tambayar ko jirgin sama yana tsayawa shan ruwa. "Manajan zamani ba ya shaƙar fenti. Ni da nake nan na fi ka ganin bangon. Kai rana tana ruɗarka, inuwa tana ruɗarka, gajiya tana ruɗarka. Ni ba su isa ba."

A nan ya kamata a bi abin daki-daki, don kada a zalunci kowa. Mai fenti ya sayo farin fenti, ya shafa wa bangon gaba, bango ya yi fari. Ya ɗaga wayarsa, kyamarar da aka koya wa fari ta zuba wa hoton ɗumi. Hoton ya iso wayar Mai Ido, ita ma ta ƙara nata ɗumin a kan wancan. Abin da ya bayyana a teburin Mataimakin Manaja bai yi kama da bango ba, ya fi kama da ƙwan da aka soya.

Ya kira nan take. "Me na ce ka shafa?"

"Fari, ranka ya daɗe."

"Wannan fari ne?"

"Haka aka rubuta a jikin bokitin."

"Bokiti ne zai gaya min launi? Bokiti ya yi makaranta? An sayar maka da tsohon fenti, ko kuma kai ka sayar min. Ka kashe min rawayar nan."

Mai fenti ya sosa ƙeya. A sana'arsu in fari ya karkata zuwa rawaya, ɗan ɗigon shuɗi ake sa masa ya dawo hanya. Ya faɗa wa Mai Ido haka. Mai Ido ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Aka ɗiga, aka juya, aka shafa, aka turo. Da sauƙi, amma da saura. Aka ƙara. Da saura. Daga ɗigo aka koma cokali, daga cokali aka koma gwangwani. Kowane hoto ya zo sai Mai Ido ya ja da baya, ya karkata kai, ya rubuta kalma ɗaya: "Ƙara." Mai fenti tun yana tambaya har ya daina. Ya gaya wa abokan aikinsa cewa mai wurin ya yi karatu mai zurfi a kan fari, su dai su juya.

Rannan hoto ya zo, Mai Ido ya daɗe a kansa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai ya miƙe tsaye, shi kaɗai a ofis, ya rubuta: "Nan ne. Kar ka ƙara, kar ka rage. Ka shafe ko'ina, ciki da waje, har ƙofa."

Direban kamfani ne ke kai bokitan fenti, don haka shi kaɗai ne daga hedikwata ya ga wurin. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ofis yana juya makulli a yatsa.

"Yallaɓai, na ce ba. Bangon nan kamar... ni dai a idona, kamar ya ɗan yi shuɗi."

"Da wane lokaci ka gan shi?"

"Da hantsi."

"Hantsi!" Mai Ido ya daki tebur da jin daɗi. "Ka je ka tsaya ƙarƙashin sararin sama, shuɗi a bisa kanka daga gabas har yamma, sannan ka zo kana mamakin ka ga shuɗi. Ba laifinka ba ne. Ido ba a gyara shi ba, abin da aka zuba masa yake sha. Kawo wayarka."

Ya tura masa hoton. Direba ya duba. A wayarsa bangon fari ne, don ita ma ta bi layi ranar gyara.

"Me ka gani?"

"Fari, yallaɓai."

"To, wa ya yi ƙarya, kai ko kai?"

Direba ya ce shi ne. Don a rufe maganar gaba ɗaya, Mai Ido ya tura hoton zuwa rukunin ma'aikata na waya, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani tsakaninsa da Allah, ba tsoro ba kunya. Amsoshi suka yi ta shigowa. Fari. Fari tas. Fari ƙal, Allah ya ƙara basira. Akanta ya riga kowa amsawa. Masu wanki suka dubi hoton, suka dubi rigar nan mai ruwan sararin sama da ke rataye a ƙusa, suka dubi juna. Kowa ya jira wani ya fara. Injin ya gama juyi ya tsaya, aka koma bakin aiki.

Labari kuma ya zo cewa ƙanin mijin mai kamfani ya sauya hali. Mutumin da ko gaisuwa ba ya amsa wa ma'aikatan matar wansa, yanzu kullum sai ya aika wa masu fenti ruwan sanyi. Ya ara musu tsani. Ya ce in fentinsu ya gaza su yi magana, yana da ragowa a sito. An ce yakan fito da kujera bakin shagonsa ya zauna yana kallon aikin yana dariya shi kaɗai. Da aka gaya wa Mai Ido, ya jingina da baya ya haɗa yatsu a kan tumbi.

"Ya ga fari, gwiwarsa ta yi sanyi. Haka abokin gaba yake yi in ya san an gama da shi. Ku karɓi ruwan."

Ranar buɗewa ya sa fararen kaya, ya zauna a bayan mota, abin da bai taɓa yi ba. Duk hanya kansa na kan waya yana bitar jawabinsa, mai taken tarihin fari daga farko zuwa yau. Mota ta tsaya. Ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya ɗaga kai, ya mayar da ƙafar.

"Kai wane irin direba ne? Ranar buɗewa ka kawo ni ƙofar abokin gaba?"

"Yallaɓai, namu ne wannan. Nasa ga shi can."

Mai Ido ya dubi hagu, ya dubi dama. Shago shuɗi a wannan gefen titi, shago shuɗi a wancan, suna kallon juna kamar wa da ƙani da aka ɗinka wa kaya daga yadi ɗaya. In akwai bambanci, na wannan gefen ya fi sheƙi, don sabo ne. Ya sake duban hagu, ya sake duban dama. Amma babban mutum ba ya daɗewa cikin shakka. Ya zaro waya, ya buɗe hoton da mai fenti ya turo na ƙarshe, ya ɗaga shi tsakaninsa da bangon. Fari. Ya fito yana riƙe da wayar a gaban fuska, har ya yi tuntuɓe da dakalin ƙofa.

A ciki an riga an yi layi, abin da ya faranta masa rai, sai da ya ji abin da ake cewa a wurin karɓar kaya. Wata mata tana miƙa rasit tana cewa zannuwan gadonta ta zo karɓa. Mai karɓar kaya ta ce ba a nan ta kawo ba. Matar ta ce ta sani, can ta kai, amma ai ɗaya ne, ba sabon ɓangarensu ba ne wannan? Na bayanta ma rasit ɗin tsallake ne a hannunsa. Wani dattijo yana yaba wa mai shuɗin shago, yana cewa Allah ya buɗa masa har ya haye titi.

Ana cikin haka motar mai kamfani ta iso. Ta fito, ta tsaya. Ta dubi bangon daga ƙasa zuwa sama, ta dubi ƙofar, ta leƙa ciki ta ga nan ma haka. Ma'aikata suka shiga neman abin yi da hannuwansu. Sai ga ƙanin mijinta ya ratso titi, hannu biyu a buɗe, fara'a har kunne.

"Matar Yaya! Ashe sulhu kike so, shi ne ba za ki aiko a gaya min ba, sai ki yi ta wahala da fenti? Wallahi na ji daɗi. Ko ni ban samu shuɗi mai kyan wannan ba. Allon suna fa, in aiko da nawa ne ko kin riga kin sa an rubuta?"

"Ka gaida gida," in ji ta, ba ta dube shi ba. Ya koma yana dariya, yana tsayar da motoci da hannu kamar titin ma nasa ne.

Sannan ta juyo ga Mai Ido. "Me na ce maka?"

"Fari, ranki ya daɗe. Kuma fari ne." Ya gyara tsayuwa, muryar jawabi ta zo masa da kanta. "Abin da kike gani yanzu ba launin bango ba ne, launin safiya ne. Hasken wannan lokaci ba daidaitacce ba ne, kowa ya san haka a fannin. Ga kuma shagon wancan yana watso mana nasa. Ga tafiya da kika sha, ido ya gaji. In kina son ki ga bangon nan yadda yake a haƙiƙa, ba bangon za ki duba ba." Ya miƙa mata wayar da hannu biyu. "Nan za ki duba. Kuma ba ni kaɗai ba, duk ma'aikata sun shaida."

Ta karɓa. Ta dubi wayar, ta dubi bangon, ta sake duban wayar. Ta kai hannu ta shafa bangon, ta duba tafinta kamar mai son ta tabbatar ba mafarki take ba.

"A nan ciki fari ne," in ji ta.

"Yawwa, ranki ya daɗe! Na san ke za ki gane."

"Kuma kai a nan ciki kake aiki."

"Dare da rana."

Ta mayar masa da wayarsa, ta wuce ciki, kowa ya bi ta. A ƙuryar shagon akwai ɗan ofis mai ƙofar gilashi, da tebur, da sabuwar kujerar fata mai juyawa, ko ledarta ba a gama cirewa ba. Mai Ido ya matso kusa da kujerar har gwiwarsa na taɓa hannunta. Mai kamfani ta ce ya ɗan ja baya. Ya ja. Ta zaro wayarta, ta ɗauki hoton kujerar, ta latsa. Wayar Mai Ido ta yi ƙara a hannunsa.

"Na yi maka alkawarin kujera, ga ta nan na turo maka. Ka zauna a kanta a can inda bangonka yake fari." Ta ja kujerar ta zauna, ta ajiye jakarta a kan tebur. "Wannan ta waje ni zan riƙe ta. A kira min mai fenti. Kai kuma, Mataimaki, ka koma hedikwata, akwai takardar mai tana jiran sa hannu."

A hanyar komawa Mai Ido gaba ya zauna, kusa da direba. Can direba ya saci kallo, ya ga ya buɗe hoton kujerar, ya miƙa hannu nesa, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya.

"Hmm," in ji Mai Ido. "Fatar ta ɗan yi ja. Amma ana iya gyarawa."